Tsamin ruwan teku: wane labari za a yarda da shi a intanet?

Duk wanda ya rubuta « acidification des océans » a Google ko Facebook zai ci karo da maganganu biyu masu karo da juna. Wasu na cewa teku na rikiɗewa ya zama ruwan batir, kifi zai ƙare nan da ƴan shekaru. Wasu kuma na cewa ƙarya ce tsagwaronta, tunda ruwan teku bai taɓa yin tsami ba. Dukansu suna nuna hotuna, suna kawo alƙaluma, suna cewa « masana sun ce ». Ɗalibin da aka ba aikin bincike a lise, ko magidancin da aka turo wa saƙo a WhatsApp, da wa zai kama?

Nijar ba ta da teku, amma kifin ƙanƙara da ake soyawa a Yamai da Maraɗi, da sardin na gwangwani da ke zuwa daga Maroko, duk daga can suke fitowa.

Sai a fara da kalmar kanta, domin a nan ake yawan ruɗa mutane. Masana na auna tsami da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Tsantsar ruwa yana kan 7. Abin da ke ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, kamar tsamiya da lemun tsami. Abin da ke sama yana ɓangaren kanwa. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a cikin zoɓo ta ga launinsa ya juya, ta san waɗannan ɓangarori biyu ko da ba ta shiga lakkol ba. Ruwan saman teku yana ɓangaren kanwa: kafin zamanin masana'antu yana wajen 8,2, yanzu yana wajen 8,1. Saboda haka mai cewa teku bai zama tsami ba gaskiya ya faɗa, sai dai ba a kan wannan ake magana ba. Idan aka ɗiga tsamiya a ruwan kanwa, ƙarfin kanwar ya ragu ko da harshe bai ji tsami ba.

Kuma 0,1 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne, domin kowane mataki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne. Saukar da aka samu tana nufin ƙaruwar sinadarin tsami da wajen kashi 26 zuwa 30 cikin ɗari. Shafin da ya nuna maka 8,2 da 8,1 ya ce « ka ga, babu bambanci », ko dai marubucinsa bai san lissafin ba, ko yana fatan kai ba ka sani ba. Haka shi ma wanda ya rubuta « kashi 30 » da manyan baƙaƙe, ya ɓoye cewa ruwan yana nan a sama da 8.

Dalilin saukar sananne ne. Iskar karbon, CO2, da ake fitarwa daga ƙona gawayin ƙasa da fetur da gas, teku na shanye wajen kashi ɗaya cikin huɗu nata. Idan ta narke a ruwa takan zama ɗan tsami mai rauni, irin wanda ke cikin lemun kwalba. Yawanta a sararin sama ya tashi daga wajen 280 cikin miliyan kafin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, kuma ana auna shi a dutsen Mauna Loa na Hawai tun 1958.

Tambaya ta farko da za a yi wa kowane shafi ita ce: a ina aka auna, kuma tun yaushe? Akwai tashoshin da ake ɗibar ruwa a wuri ɗaya, a kai a kai, shekara da shekaru: ɗaya kusa da Hawai, ɗaya kusa da Bamuda, dukansu tun 1988, sai ta tsibiran Kanari da ke gaban Maroko tun tsakiyar shekarun 1990. Duka suna nuna sauka ta wajen 0,02 a kowace shekara goma. Akwai shafukan da ke tattaro tsofaffin awo na farkon ƙarnin da ya wuce su ce babu wani canji. Matsalar ita ce an yi waɗannan awo a wurare daban-daban, a lokuta daban-daban, da na'urorin da kuskurensu ya fi canjin da ake nema girma. Kamar a haɗa farashin hatsi na kaka a Tasawa da na bazara a Agadas ne, a ce an gano tafiyar kasuwa.

Hotuna sun fi alƙaluma yaudara. Bidiyon da ake jefa ƙwai ko katantanwa a cikin binegar ɓawon ya narke yana da kyau a darasin aji, amma binegar yana wajen 3, babu wani hasashe da ya kai teku ko kusa da nan. Hoton murjani da ya yi fari fat, galibi zafin ruwa ne ya jawo shi. Tarin matattun kifi a bakin gaɓa kuwa, sau da yawa ƙarancin iskar shaƙa ne a cikin ruwa, ko gubar wasu tsirrai. Kafin a tura irin wannan hoto gaba, a saka shi a Google Lens a ga shekarar da ya fara fitowa da ƙasar da aka ɗauke shi.

Inda hujja ta yi ƙarfi shi ne dabbobi masu ɓawo. Ɓawonsu, kamar wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, sinadarinsa ɗaya da alli, kuma ƙaruwar tsami na rage abin da suke gina shi da shi. A shekarun 2007 da 2008, a jahar Oregon ta Amurka, ƴaƴan dabbar da Faransawa ke kira huître sun yi ta mutuwa a wata babbar gonar kiwonsu. Bincike ya gano ruwan da ke tasowa daga ƙarƙashin teku, mai ɗauke da karbon da yawa, shi ne sanadi. Masu gonar suka koma auna ruwan suna gyara shi kafin su zuba, kiwo ya farfaɗo. Irin wannan labari yana da wuri, yana da shekara, ana iya bin sawunsa.

Batun kifi kuwa, a nan ne ko manyan mujallu suka yi tuntuɓe, kuma a ganina shi ne darasin da ya fi amfani. Wajen 2009 da 2010 wasu masana a jami'ar James Cook ta Ostareliya sun wallafa cewa ƙananan kifayen murjani, idan aka sa su a ruwa mai karbon da yawa, sai su rikice, har su riƙa bin warin kifin da ke cinye su. Jaridun duniya suka ɗauka. A 2020 wata tawaga ƙarƙashin Timothy Clark ta maimaita gwaje-gwajen na tsawon shekara uku, tana ɗaukar komai a bidiyo, ta wallafa a mujallar Nature cewa ba ta ga wannan rikicewa ba. A 2022 wani nazari da ya tattara bincike 91 ya nuna cewa tasirin da aka ruwaito ya yi ta raguwa yayin da ake ƙara yawan kifin da ake gwadawa. Tsofaffin labaran suna nan a intanet, ba wanda ya goge su. Masu musu su ma sun kama wannan suna cewa komai ya rushe, alhali gardamar a kan halin kifi take, ba ta taɓa awon pH ba.

Shi ya sa kwanan watan labari yake da muhimmanci, haka ma sanin ko bincike ɗaya ne ko tarin bincike. Rahotannin GIEC, musamman na 2019 a kan teku da ƙanƙara, suna rubuta matakin tabbaci a gefen kowace magana, kuma akwai taƙaitawarsu da Faransanci kyauta. Hukumar AIEA tana da cibiya a Monako da ke tattara binciken da ake yi a kan wannan batu, hukumar NOAA ta Amurka kuma tana sakin alƙalumanta ga kowa. Shafin kirki zai kai ka zuwa irin waɗannan wurare da mahaɗin da ke buɗewa, zai kuma faɗi wanda ya rubuta da wanda ke biyan kuɗin shafin.

Idan aka turo maka saƙo cewa tsamin teku ne ya sa kifi tsada a kasuwar Dole ta Damagaram, ka duba abin da ya fi kusa. Akwai kamun kifi fiye da kima a gaɓar Senegal da Muritaniya, akwai masana'antun niƙa kifi na Nuwadibu da ke mayar da shi abincin dabbobi, akwai ɗumamar ruwa da ke tura wasu kifaye arewa. Ga kuma iyakar Benin da aka rufe a 2023, wadda ta sa kaya suka riƙa zagayowa daga Lome ta Burkina Faso kafin su iso.