Furojet ya ƙi tashi a kwamfutarka? Ga yadda ake mayar da Node da npm tsohuwar siga

Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurari murya ba.

Yau maganar masu koyon rubuta manhaja ce, musamman 'yan JavaScript. Daga nan Sundimina zuwa Birnin Kudu da Gwaram akwai matasan da suka shiga wannan harka, wasu ɗalibai ne a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Informatics ta Kazaure, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wasu kuma YouTube ne malaminsu. Dukansu akwai matsala ɗaya da take jiran su a hanya. Ka karɓi furojet daga hannun wani, ko ka sauko da shi daga GitHub, a kwamfutar mai shi yana tashi lafiya lau, a taka kuwa kana rubuta npm start sai jan rubutu ya cika allo. Ga difens saura kwana uku, ko ga mai aiki yana ta kira. Sau da yawa kod ɗin ba shi da laifi. Node ɗinka ne ya yi wa furojet ɗin sabunta.

Bari mu fara da sanin su waye mutanen biyu. Node shi ne injin da yake tafiyar da JavaScript a wajen burauza, Ryan Dahl ya fito da shi a 2009. Shi kuma npm, wanda Isaac Schlueter ya ƙirƙira a 2010, ɗan aike ne: shi yake zuwa intanet ya kwaso maka ƙunshin kod da wasu suka rubuta, ya jibge su cikin foldar node_modules. Tare suke zuwa, in ka saka Node ka saka npm. Kowace sigar Node da irin npm ɗin da take tafe da shi. Node 14 da npm 6 take zuwa, ƙarshen Node 16 da npm 8, Node 22 kuma da npm 10. To furojet ɗin da aka gina a 2020 da kayan 2020 aka haɗa shi. Duk mai gyaran babur a bakin tasha ya san fistin ɗin Jincheng ba ya zama a Boxer, ko da sabo ne fil a leda.

Matsalar da ta fi kama mutane ita ce wadda take fitowa da wannan rubutu: ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED, ko ka ga digital envelope routines::unsupported. Ga asalinta. A watan Oktoba na 2021 Node 17 ta fito ɗauke da OpenSSL 3.0, wato ɗakin karatun da yake kula da ɓoye bayanai. Shi kuma OpenSSL 3.0 ya kulle wasu tsofaffin hanyoyin lissafi da aka daina yarda da tsaronsu, ciki har da wata mai suna MD4 da aka ƙirƙira tun 1990. Abin dariyar shi ne webpack 4, wanda yake tattara fayilolin furojet ya ɗaure su wuri guda, da MD4 yake amfani, ba ma don tsaro ba, don kawai ya raɗa wa fayiloli suna. Sai ya zamana duk furojet ɗin React da aka fara da react-scripts 4 ko ƙasa da haka, da tsofaffin na Vue da Angular masu webpack 4, da zarar sun haɗu da Node 17 zuwa sama sai su tsaya cak. Kuma yawancin darussan React da suka yi tashe a YouTube tsakanin 2019 da 2021 irin wannan furojet ɗin suke koyarwa. Kai ka je shafin Node yau ka sauko da sabuwa, malamin bidiyon kuma yana kan 12 ko 14. Ta ina za ku daidaita?

Akwai ta biyu, ERESOLVE. Wannan ta npm ce. Daga npm 7, wanda ya zo da Node 15 a Oktoban 2020, ɗan aiken ya zama mai tsauri: in ƙunshi biyu suka yi saɓani kan sigar wani abu da suke buƙata tare, sai ya ƙi ci gaba, alhali npm 6 gargaɗi kawai yake yi ya wuce. Wannan ba ta kai a sauke komai ba. Rubuta npm install --legacy-peer-deps, zai yi halin npm 6 ya ƙyale ka. Sai kuma node-sass, wanda kowace sigarsa take ɗaure da wasu sigogin Node, kuma masu shi ma sun daina kula da shi. In shi kaɗai ne matsalar, cire shi ka saka sass, galibi magana ta ƙare.

To yanzu in ya tabbata sai an koma baya, kada ka yi ta canke. Buɗe fayil ɗin package.json ka nemi wurin da aka rubuta engines, wani lokaci mai furojet ya faɗi sigar da yake so. Duba ko akwai ɗan fayil mai suna .nvmrc, lambar siga ce kawai a ciki. In babu ko ɗaya, buɗe package-lock.json ka kalli lockfileVersion a can sama. In ka ga 1, da npm 5 ko 6 aka yi aikin, wato zamanin Node 14 zuwa ƙasa. In 2 ne, npm 7 ko 8, galibi Node 16. In 3 ne, npm 9 zuwa sama. Wannan 'yar lambar ta fi tambayar mai furojet amfani, don shi kansa ya manta. Taka sigar kuma node -v da npm -v za su nuna maka.

Hanyar da mutane suka fi bi ita ce su goge Node su sauko da tsohuwa su saka. Tana aiki, amma ranar da ka karɓi wani aikin mai son sabuwa sai ka sake gogewa, ka sake ƙona data. Ni shawarata nvm. Manhaja ce da take ajiye maka sigogin Node da yawa a kwamfuta ɗaya, ka riƙa sauyawa da layi guda. A lura, iri biyu ne masu suna kusan ɗaya. Na Linux da Mac shi ne nvm na asali da Tim Caswell ya fara. Na Windows daban ne, sunansa nvm-windows, na Corey Butler, yana GitHub, fayil ɗin da za ka sauke shi ne nvm-setup.exe. Tunda yawancinmu Windows muke kai, a kansa zan yi bayani.

Kafin ka saka shi, cire Node ɗin da take kwamfutar tukuna. Mutane suna tsallake wannan, daga baya su ce sun sauya siga amma node -v bai canja ba. Dalili shi ne tsohuwar tana nan a hanya, ita Windows take fara gani. Bayan ka saka nvm, buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, domin sauya sigar yana buƙatar wannan izini. Sai ka rubuta:

nvm install 16.20.2

nvm use 16.20.2

Ita 16.20.2 ita ce ta ƙarshe a layin 16, kuma da npm 8.19.4 take zuwa. In 14 kake so, ta ƙarshe ita ce 14.21.3, mai npm 6.14.18. Ka ga ke nan sauke Node ya sauke maka npm a tafiya ɗaya. nvm list zai nuna maka duk waɗanda ka ajiye, da tauraro a gefen wadda kake kai. Abu ɗaya da zai ba ka mamaki: kayan da ka taɓa sakawa da -g, irin su nodemon ko yarn, za su ɓace. Ba su lalace ba, kowace siga da nata ɗakin ajiya, sai ka sake saka su a wannan.

In npm kaɗai kake son saukewa, layin shi ne npm install -g npm@8, ko lambar da kake buƙata. Amma ga wani rami nan. Bayan ka koma Node 16, npm zai riƙa yi maka tallar cewa sabuwar siga ta fito, ka sabunta. Kada ka biye masa. npm 10 ba ya goyon bayan Node da ta gaza 18.17, in ka ɗora shi kan 16 za ka iya wayar gari ɗan aiken kansa ya kwanta, babu ma wanda zai je ya ɗauko maka tsohon.

Saura mataki ɗaya da in ka bar shi duk wahalar ta tashi a banza. Goge foldar node_modules gaba ɗaya. Wasu ƙunshin, irin su bcrypt, ana harhaɗa su ne daidai da sigar Node da take kai lokacin da aka saka su, shi ya sa za ka ga ƙorafin NODE_MODULE_VERSION in ka bar tsofaffin. Amma package-lock.json kada ka taɓa shi, duk da za ka ga masu ba da shawara a intanet suna cewa a goge. Shi ne takardar da ta rubuta ainihin sigar kowane ƙunshi da furojet ɗin ya taɓa aiki da ita. Bayan ka goge foldar, rubuta npm ci maimakon npm install, shi zai bi takardar nan sau da ƙafa ba tare da ya sake rubuta ta ba.

Na san abin da ke ran wasu: data. Ita Node ɗin ba ta da nauyi, wajen megabait 30 ce. node_modules ne mai cin kuɗi, na furojet ɗin React yakan kai ɗaruruwan megabait a faifai. Sauƙin shi ne npm yana ajiye kwafin abin da ya taɓa saukewa, don haka in ka ƙara --prefer-offline zai fara duba ma'ajiyarsa kafin ya taɓa intanet. Kuma a yi wannan aikin lokacin da caji ya cika kuma netwok ya zauna, don in wuta ta ɗauke ana tsakiya, foldar takan zama rabi da rabi, sai an sake daga farko.

Masu tsofaffin laftof na gwanjo da har yanzu suke kan Windows 7, naku daban ne. Daga Node 14 an daina goyon bayan Windows 7, wadda Microsoft ma ta sallama tun 14 ga Janairun 2020. Iyakarku 13.14.0, ko 12.22.12. Ku je nodejs.org/dist, duk tsofaffin sigogi suna nan a jere, ku sauko da taku kai tsaye. Don Allah daga nan kaɗai, ban da shafukan da suke cika ku da maɓallan download na ƙarya.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Node 14 ta daina samun gyaran tsaro a ƙarshen Afrilun 2023. Node 16 a ranar 11 ga Satumban 2023, an ma matso da ranar ne da wata bakwai saboda OpenSSL 1.1.1 da take dogaro da shi a ranar zai ƙare. Node 18 ta bi su a 30 ga Afrilun 2025. Ma'ana duk ɓarakar da aka gano a cikinsu bayan nan, masu Node ba za su toshe ta ba. In a laftof ɗinka ne, don ka tashi furojet ka nuna wa malami ko ka bi darasi, babu damuwa sosai. Amma ka ɗauki manhajar makaranta mai sunayen yara da sakamakonsu, ko ta kantin magani, ko ta masu POS, ka ɗora a saba kan Node 14 ka karɓi kuɗinka ka tafi, wannan cin amana ne ko da mai aikin bai san me ake kira siga ba. A irin wannan, koma baya don ka ga furojet ɗin ya tashi, ka gane yadda yake, sannan ka ɗaga shi: react-scripts 4 zuwa 5, ko ma ka ƙaura zuwa Vite, tunda masu React da kansu sun sanar da ajiye Create React App a Fabrairun 2025. In lokaci ya ƙure kuma matsalar ta OpenSSL ce kaɗai, akwai 'yar dabara ba tare da sauke komai ba: a Command Prompt rubuta set NODE_OPTIONS=--openssl-legacy-provider kafin npm start. Sai dai in daga baya ka sauka zuwa 14, ka cire shi, don ita ba ta san wannan umarnin ba, za ta ƙi tashi.

In furojet ɗin ya tashi, buɗe sabon fayil ka sa masa suna .nvmrc, ka rubuta lambar sigar a ciki, misali 16.20.2, ka tura shi tare da sauran kod. nvm na Linux da Mac yana karanta shi da kansa in an rubuta nvm use, mai Windows kuma ya buɗe ya ga lambar.

Wanda nasa ya ƙi duk da haka, ya ɗauki hoton allon tun daga layin farko na jan rubutun, ba na ƙarshe kaɗai ba, ya haɗa da abin da node -v da npm -v suka nuna, ya ajiye a kwament. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.