Samaru a cikin adakar Mama: tarihin da hotunan gida suka riƙe

'Yar uwa, yaushe rabonki da buɗe tsohuwar adakar mahaifiyarki? Waccan ta ƙarƙashin gado nake nufi, mai ƙamshin kafur, wadda a can ƙasanta, bayan zannuwan da aka daina ɗaurawa, akwai wani ambulan da ya yi ja saboda daɗewa. Idan gidanku na Samarun Zariya ne, ko an taɓa zama can, to abin da ke cikin ambulan ɗin nan ya wuce tsarabar gida. Wani yanki ne na tarihin garin da ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Ni sai da na yi asara na gane haka. Bayan rasuwar kakarmu muka sami wani hoto baƙi-da-fari a kayanta: mata bakwai a jere gaban wani zaure, kowacce da goyo ko yaro a hannu. Mun gane ta, mun gane ƙanwarta. Sauran biyar ɗin har yau babu mai iya cewa ga su wane ne. Shekara da shekaru muna tare da wadda ta san su, ba mu taɓa tambaya ba.

Garin da gona da makaranta suka haifa

Kafin ki fahimci hotunan, yana da kyau ki san yadda garin ya tashi. Samaru ba ta cikin ganuwar Zazzau. Tana can waje, a kan hanyar da ta nufi Funtuwa da Sakkwato. Tun cikin shekarun 1920 Turawan mulki suka kafa tashar binciken aikin gona a wurin, don gwajin irin auduga, gyaɗa da hatsi. Layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya bi ta gefen garin, kuma har gobe sunan unguwar Hayin Dogo yana tuna mana da shi.

A shekarun 1950 aka buɗe kwalejin fasaha da kimiyya a Samaru. Ranar 4 ga Oktoba, 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki a harabar wannan kwaleji, tsohuwar tashar gona kuma ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar. Idan maigidanki manomi ne, kin taɓa jin yana maganar irin masara SAMMAZ, ko gyaɗa SAMNUT, ko wake SAMPEA. Wannan "SAM" ɗin da ke farkon sunayen, Samaru ke nan.

Wannan shi ne tarihin da ke cikin littattafai, kuma hotunansa suna nan a ajiye: Sardauna cikin rigar bikin yaye ɗalibai, Turawa malamai, manyan gine-gine. Amma wa ya nome gonakin gwajin? Wa ya kwaɓa simintin ginin? Wa ya dafa, ya wanke, ya yi gadi? Leburori ne da magina, da kuku da masinja da direba, waɗanda suka zo daga ƙauyukan kewaye irin su Bomo da Basawa, da ƙasar Katsina, da kudancin Zariya, da ƙasar Yarbawa da ta Ibo. Su suka gina gidajen da ke tsallaken titi, daura da ƙofar jami'a. Matansu kuma su suka riƙe garin da tuwon sayarwa, ƙosai, waina da fura. Hoton waɗannan mutane ba ya rataye a ofishin kowa. Yana cikin adakar Mama.

Yadda za ki gane shekarun hoto

Yawancin tsofaffin hotuna ba su da kwanan wata, amma suna da alamomi. Fara da juya bayansa: masu hoto na da kan buga tambarin situdiyonsu, wani lokaci har da layin da shagon yake. Sannan ki ƙura wa waɗannan ido:

Motoci a titi. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilu 1972. Idan motocin cikin hoton suna bin hagu, to an ɗauke shi kafin nan.

Kuɗi. Naira da kobo sun maye gurbin fam da sule a farkon 1973. Idan an rubuta kuɗin wankin hoton a baya da sule, ko allon wani shago ya nuna farashi da sule, kin sami iyaka.

Sunan jiha. Daga 1967 zuwa 1976 Zariya tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya ne, daga baya ta zama Jihar Kaduna. Duba jikin motar gwamnati, ko allon makaranta, ko katin shaidar aikin Baba mai ɗauke da ƙaramin hotonsa.

Sabon babur da rediyo. Idan kin ga Baba ya jingina da sabon babur yana murmushi, ko ya rungume rediyo kamar jariri, tambayi ko na kuɗin Udoji ne, ƙarin albashin da ma'aikata suka karɓa a tsakiyar shekarun 1970.

Yara cikin yunifom. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya fara a 1976, kuma a gidaje da yawa lokacin ne 'ya mace ta fara shiga aji. Wataƙila yarinyar nan mai riƙe da allo mahaifiyarki ce.

Kada ki tsaya kan fuskoki kawai, ki leƙa bayansu. Rufin jinka ne ko kwano? Darni ne ya kewaye gidan ko katangar ƙasa? Inda yau shaguna suka cushe, a hoton za ki iya ganin gonar dawa, ko kuka, ko fili fetal da yara ke wasan langa. Nuna wa 'ya'yanki wannan, ki ga yadda za su buɗe baki.

Abin da matan cikin hoto ke faɗa

Hoton ɗakin amarya ya fi kowane bayar da labari. Gado mai rumfa, jeren kwalla da langa har kusa da rufi, tabarma ko ledar tsakar ɗaki. Daga nan za ki san abin da uwa ta shekara nawa tana tarawa daga ribar ƙuli-ƙuli da adashi. Ɗaurin ɗankwali da zanen atamfa ma suna da zamaninsu, kuma tsofaffi suna tuna sunan da ake kiran kowanne.

Akwai kuma hotunan da za su sa Mama ta yi shiru. Samaru gari ne na cuɗanya, don haka kada ki yi mamaki in kin ga kakarki a bikin suna tare da maƙwabciya mai shigar Kudu, ko mai ɗankwalin coci. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya, daga 1967 zuwa 1970, sun raba maƙwabta da yawa. Wasu sun dawo bayan yaƙi, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Idan Mama ta nuna wata ta ce tare suka yi goyo, ki saurara da kyau. Yaranmu da ke tasowa a unguwannin da aka rarrabu suna bukatar sanin cewa an taɓa zama haka.

Ki yi shi a wannan makon

Gara da danshin damina suna cin hoto, amma abin da ya fi su sauri shi ne tafiyar masu sanin fuskokin. Hoton da babu mai sanin na cikinsa ya zama takarda kawai.

Ki zaɓi lokacin da Mama ko Goggo take cikin nishaɗi, bayan la'asar misali. Ki nemi izininta, ki kunna rikodin ɗin murya a wayarki, ki miƙa mata hoto ɗaya bayan ɗaya. Kada ki katse ta ko da ta saki hanya, sau da yawa a nan labarin yake. Ki tuna da alkunya: ba lallai ta kama sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, kuma wasu da laƙabi kawai ta san su. Sunan yanka sai ki nema wurin Kawu ko Baffa.

Ki rubuta sunayen a bayan hoton da fensir, a hankali, don tawadar biro tana iya hudowa ta gaba. Hoton da ya manne da wani kada ki fizge shi. Kada kuma ki kai na asali a yi masa laminatin, domin zafin injin yana lalata shi kuma ba a iya cirewa. Ki ɗauki kowanne da wayarki a inuwa mai haske, ba tare da filasha ba, gaba da baya. In za ki tura wa 'yan uwa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil don kada ya dushe. Na asalin kuma a sa shi cikin takarda mai tsabta, a ajiye a sama, nesa da bango mai tsattsafo.

Abu na ƙarshe, amana. Hotuna da yawa an ɗauke su ne a cikin gida, mata ba mayafi, don idon dangi kawai. Kada ki ɗora irin wannan a Facebook ko sitatus sai da yardar mai shi, ko ta 'ya'yanta idan ta riga mu gidan gaskiya. Akwai kuma gidajen da ba sa son rataye hoto a bango, wannan ra'ayinsu ne kuma a girmama shi. Amma kafin a yanke shawarar zubar da na cikin adaka, a zauna da dangi tukuna, ko ba komai a rubuta sunaye da labarin.

Hoton matan nan bakwai yana wurina har yanzu, na rubuta sunaye biyu a bayansa na bar gurbin biyar. Ke da Allah Ya bar miki mai ba ki amsa, kada ki jira sai an zo rabon kaya. Idan kin buɗe adakar, ki dawo nan ƙasa ki gaya mana: wace unguwa ce a hoton, kuma me ke wurin a yau?