Wace Ƙaramar Bindiga Ce Ta Dace da Mace? Doka Ta Riga Mu Amsawa

'Yan uwa ɗalibai, musamman mata, akwai wata tambaya da ta fara yawo a wayoyinmu: idan mace ba ta taɓa harbi ba, wace ƙaramar bindiga ya kamata ta fara da ita? Bidiyoyin da ke amsa ta suna nan birjik a YouTube da TikTok, kuma yawancinsu daga Amurka suke. Mai kallo sai ta ɗauka abin kamar zaɓen waya ne, ka duba aljihunka ka ɗauki wadda ta yi maka.

Tambayar ba ta wasa ba ce. Ɗalibar da ke fitowa daga Rurum Tsohon Gari ko ƙauyukan Kibiya zuwa Rano, ta koma gida bayan magariba a bayan ɗan acaɓa, ta san abin da ake nufi da fargabar hanya. Mun taso muna jin labarin Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, kuma duk 'yan mata 'yan makaranta aka kwashe. Nan kudancin Kano ma, dajin Falgore ya daɗe da yin suna wajen ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. To, duk wadda ta yi tunanin kare kanta ba ta yi laifi ba. Sai dai kafin a zaɓi bindiga, ya kamata a san ƙasar da ake tsaye a kanta.

Abin da masu bidiyon ke faɗa

A yi musu adalci, ba duka maganarsu ce shirme ba. Ƙananan bindigogi iri biyu ne manya. Akwai libarba, mai ɗan gangan da ke juyawa, wadda yawanci ke cin harsashi biyar ko shida. Akwai kuma fistol mai gidan harsashi a cikin mariƙinta, wadda ke ɗora wa kanta sabon harsashi bayan kowane harbi. Masu koyar da harbi na cewa a duba abu uku: ko mariƙin ya zauna daidai a tafin hannu, ko yatsa na kai wa kunama ba tare da murɗa hannu ba, da kuma ko mai harbin za ta iya jure tunkuɗar bindigar.

Wannan na ukun shi ne inda mutane ke ruɗewa. Ana ɗauka cewa 'yar mitsitsiyar bindiga ita ce ta mata. Wanda ya yi fiziks a sakandare ya san ba haka ba ne. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba, shi ne ke tura bindiga baya. Idan harsashin iri ɗaya ne, bindiga marar nauyi ta fi mai nauyi dukan hannu. Shi ya sa ake fara koya wa sabon shiga da ƙaramin harsashi mai lamba .22, kafin a kai shi ga mai milimita 9.

Duk wannan gaskiya ne, amma gaskiyar Amurka ce, ƙasar da gyara na biyu na tsarin mulkinta, tun 1791, ya ba jama'a 'yancin riƙe makami. Tsarin mulkinmu na 1999 ba shi da irin wannan sashe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da dokarmu ta ce

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko su ne haramtattu. A nan aka jera igwa, da roka, da bama-bamai, da mashinga, da bindigogin soja. Kuma a cikin wannan jerin ne fa aka sa libarba da fistol. Ku sake karantawa: ƙaramar bindigar da ake tallata wa mata a intanet, a dokar Nijeriya ɗaki ɗaya take kwana da mashinga. Babu mai ba da lasisinta sai Shugaban Ƙasa.

Kashi na biyu su ne bindigogin da mutum zai iya nema don kansa, irin su doguwar bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, da ta farautar manyan namun daji, da bindigar iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda.

Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, wato adaka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, irin ta mafarautanmu da 'yan bindigar sarki a hawan sallah. Wannan kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke da alhakinta.

Ko a inda ake ba da lasisi, ba haƙƙin kowa ba ne. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tayar da hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. Ku lura, dokar ba ta ware mace ba. Abin da ya hana namiji shi ya hana mace.

Hukuncin kuma ba na wasa ba ne. Wanda aka kama da bindigar kashi na farko babu lasisi, mafi ƙarancin ɗaurinsa shekara 10 ne. Ki lissafa, 'yar uwa: mai shekara 22 za ta fito tana da 32, difloma ta tafi, kuma ba sai ta harbi kowa ba. Samun ta a jakarki kawai ya isa. Haka nan wadda saurayi ko ɗan uwa ya ce "ajiye min wannan zuwa gobe". Ranar da aka zo bincike, a ɗakinki za a same ta.

"Ai gwamna ya ce a sayi bindiga"

Wannan ita ce hujjar da za ka fi ji a majalisa. E, an yi haka. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya yi kira ga mutanen yankunan da 'yan bindiga suka addaba da su nemi makamin kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisi, har ta yi alkawarin raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19 na jihar. Me ya biyo baya? Kwamishinan 'yan sandan jihar ya ce takunkumin da aka sa wa bayar da lasisi yana nan, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Dalili shi ne makamai na cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya. A 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai a ƙasa baki ɗaya. Maganar gwamna a rediyo ba za ta tsaya miki a gaban alƙali ba.

Tunda babu shagon da zai sayar wa ɗaliba fistol ta halal, abin da ya rage shi ne ta bayan fage: ko wadda aka yi fasa-ƙwaurinta, ko ƙirar gida. Ta farko ba ki san jinin wa ke kanta ba. Ta biyu babu wanda ya gwada ƙarfin bututunta, tana iya tarwatsewa a hannun mai harbi. Shi kuma wanda ya sayar miki ya riƙe sirrinki har abada, ya samu igiyar da zai riƙa jan ki da ita.

Ko bindigar na kare mace?

Ko a Amurka ba a gama wannan muhawara ba. Wani bincike da Jacquelyn Campbell da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya gano cewa macen da ke zaune da namiji mai dukanta, idan yana da hanyar samun bindiga, haɗarin ya kashe ta yana ninkawa kusan sau biyar. Sannan a tuna yadda gidajenmu suke: ɗaki ɗaya, ƙanne da 'ya'yan maƙwabta suna shiga suna fita, babu akwatin da yaro bai san abin da ke cikinsa ba. A ɗakin kwanan ɗalibai kuwa, mutum nawa ke taɓa jakarki a rana?

Dokarmu ba ta hana kare kai ba. Sashe na 33 na tsarin mulki da Final Kod da ake aiki da ita a Arewa duk sun yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, matuƙar bai wuce gwargwadon abin da ya zama dole ba. Amma izinin kare kai daban, izinin mallakar fistol daban.

Ƙofofin da ke buɗe

Wadda da gaske take son iya harbi tana da hanya biyu masu tsabta.

Ta farko ita ce kaki. Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil, nan cikin jiharmu, tana ɗaukar mata, ana shekara biyar a fito da digiri da muƙamin mataimakin sufuritanda. Makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗinta na yau da kullum a 2011. Hukumar Sibil Difens ta kafa runduna ta mata zalla masu ɗauke da makami a 2021, musamman don tsaron makarantu, kuma masu difloma suna da gurbi idan ana ɗaukar ma'aikata. A can ba ke za ki zaɓi bindiga ba. Hukuma ce za ta ba ki, ki sa hannu ki karɓa, ki sa hannu ki mayar, kuma kowane harsashi da lissafinsa.

Ta biyu ita ce wasan harbi, wanda ke da hukumarsa ta ƙasa kuma ana yin sa a gasar Olamfik. Ana farawa da fistol ta iska, mai harba 'yar ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5 daga nisan mita 10. A tsaye ake harbi, da hannu ɗaya, sau 60 cikin minti 75, kuma da'irar tsakiya da ake nema faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Ba ƙarfin damtse ake buƙata ba, natsuwa ce da iya riƙe numfashi. Manu Bhaker ta Indiya tana da shekara 22, sa'ar da yawa daga cikinmu, lokacin da ta ci tagulla biyu da irin wannan bindiga a Faris a 2024. Sai dai a kula, ita ma bindigar iska tana kashi na biyu na dokarmu, don haka ta hannun hukumar wasan ake shiga, ba a yi odar ta a intanet ba.

A duk inda aka koya, ƙa'idojin farko huɗu ne: ki ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada ki nuna bakinta ga abin da ba ki yi niyyar harbi ba, yatsa ya nisanci kunama sai lokacin harbi, kuma ki san abin da ke bayan abin da kike auna.

Kafin nan fa?

Tsaron ɗaliba a yau yana cikin abubuwan da ba sa burge kowa a bidiyo. A tafi gida rukuni-rukuni, a kuma tashi da sauran rana. A riƙe ɗan acaɓa ɗaya ko biyu da gida suka sani. Waya ta kasance da caji, a ajiye lambar gaggawa ta 112 da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa. Wadda wani ke bibiya ko yi wa barazana, kada kunya ta sa ta yi shiru. Ta sanar da iyaye, da mai unguwa, da ofishin kula da harkokin ɗalibai.

Ita kuma ƙungiyarmu ta ɗalibai akwai aiki a gabanta: fitilu a hanyoyin da muke bi, motar da za ta kwashi masu lacca ta yamma, da gayyato jami'an tsaro mata su zo su yi mana bita kan kare kai da kuma yadda ake shiga aikinsu. Waɗannan ne ya kamata mu tambayi masu neman ƙuri'armu a zaɓen ƙungiya mai zuwa. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai mu gida lafiya.