Aljihun firosesa: me ake ajiyewa, me ake aikawa nan take?

Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta fi RAM sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa aka yi mata ƙaramar ma'ajiya a jikinta, wadda nake kira wa ɗalibaina aljihu. Abin da za ta ɗauko daga aljihun cikin kamar nanosakan 1, a RAM sai ya kai kusan 100.

To amma ba komai ake sa wa a aljihu ba. Mai shago yakan rubuta bashi a 'yar takarda, sai dare ya shigar a babban littafi, kuma ba laifi. Haka firosesa ke yi da bayanan yau da kullum. Amma umarnin da za a ba katin intanet ko na hoto, in ya kwana a aljihu, na'urar ba ta ji ba ke nan. Dole a aika shi kai tsaye.

Akwai kuma hanya ta tsakiya: a tattara ƙananan rubuce-rubuce har su kai bayit 64, sannan a tura su gaba ɗaya. Ita ta dace da hoton da ke fita a allo.

Tsara wannan rabo aikin zuciyar babbar manhaja ne, tare da BIOS. Intel ta kawo MTRR a Pentium Pro a 1995, amma yankunan da yake iya rabawa 'yan kaɗan ne, galibi 8. A 1999 Pentium III ta zo da PAT, mai ba kowane shafi na kilobayit 4 hukuncinsa. Linux ta fara aiki da shi a 2008.

Haɗarin shi ne a ba wuri ɗaya hukunci biyu masu karo da juna: bayanai na iya lalacewa shiru. Don haka zuciyar Linux ke riƙe da rajistar wanda ya nemi wane wuri, da wane hukunci.

Ina wannan ya shafe mu? Yawancin kwamfutocin makarantunmu na hannu ne. Na ga wadda allonta ke jan ƙafa har aka ce ta mutu, alhali an bar ma'ajiyar hotonta ne ba tattarawa. Kafin ku jefar da irinta, in Linux ke kanta, ku sa mai gyara ya leƙa /proc/mtrr tukuna.