Dauɗar Sabulu a Makewayi

Mu mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga mun saba da ruwan Kwara. In muka yi wanka a bakin kogi, sabulu kaɗan ya ishe mu, kumfa tana tashi nan da nan. Da aka datse Kwara a Kainji a 1968, tafki ya cinye tsibirai da ƙauyuka da yawa, aka tashi Gungawa da sauran mutanen bakin ruwa zuwa sababbin gidaje a kan tudu. Yau yawancinmu a gida muke wanka, a makewayi mai daɓen siminti, da ruwan rijiya ko na burtsatse.

To, ku duba daɓen nan da gindin bokiti. Za ku ga wani abu fari-fari ya manne, kamar ƙanzo a tukunya. Wannan ita ce dauɗar sabulu.

Daga ina take zuwa? Ruwan wasu rijiyoyi yana biyowa ta cikin duwatsu, yana narkar da wani abu irin alli, wanda ido ba ya gani. In sabulu ya gamu da allin nan, sai su haɗu su daskare. Maiƙon jikinmu kuma ya ƙaru a kai. Watau wani kashi na sabulun da muka saya da kuɗinmu bai wanke kowa ba, yana nan kwance a ƙasa.

Muna iya gwadawa a aji. A sami kwalba biyu, ɗaya da ruwan sama, ɗaya da ruwan rijiya. A kankare sabulu daidai wa daida a zuba, a girgiza. Wadda ta yi fari kamar tsala, ba kumfar kirki, ita ce mai alli.

Dauɗar nan ba ƙazanta kaɗai ba ce. In ta jiƙe tana da santsi ƙwarai, gansakuka kuma tana son wurin. Saurayi in ya zame ya tashi ya kakkaɓe jiki. Amma tsohuwa fa? Ko mace mai ciki? Faɗuwa ɗaya ta isa karaya. Sa'an nan tana haɗuwa da gashi ta toshe rariya, ruwa ya kwanta, sauro ya sami wurin ƙwai.

Tsami shi ne maganinta, gama yana narkar da alli. A matse lemun tsami uku ko huɗu, ko a jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi. A shafa a wurin, a bar shi kamar minti 10, a goge da soso, a ɗauraye sosai. Kada a bar tsami ya kwana a kan daɓe, don yana cin siminti. Toka da yashi mai laushi suna fid da maiƙo, amma ku bi bokitin roba a hankali, in ya karce dauɗa ta fi kama shi. Mai farin ruwan nan na cire tabo, wanda ake kira bilic, lalle kada ya haɗa shi da tsami. Hayaƙin da ke tashi dafi ne.

Hanawa ta fi wannan duka sauƙi. Duk wanda ya gama wanka ya rage moɗa biyu ya watsa a daɓe, ya kora da tsintsiya zuwa rariya. A kifa bokiti ya bushe. A huda gindin gwangwanin sabulu don ya tsane. Da damina a tari ruwan sama. Wajen wanki kuwa, 'yar kanwa a daro tana kwantar da allin kafin a sa sabulu, amma ba a sa ta a ruwan wanka, don tana busar da fata.