Makankarin Kogin Kaduna da Kwarkwaron da Ke Cikin Jikinsa

Idan rani ya yi tsanani, ruwan Kogin Kaduna ya ja baya, duwatsu da rairayi suka fito fili ta ɓangaren Barnawa da Kakuri, mai yawo a bakin gaɓa yakan ci karo da wani ɓawo mai murfi biyu, bayansa baƙi-baƙi, cikinsa kuwa yana sheƙi. Wannan shi ne makankari. Mutanen da sun san shi da kankare gumin doki, yaran yanzu kuwa abin wasa suka ɗauke shi. Amma ɓawon nan gida ne kurum. Mai gidan wata dabba ce mai taushin jiki, 'yar uwar dodon koɗi, wadda kan binne rabin jikinta cikin laka, tana zuƙar ruwa dare da rana tana tace abincinta. A Kogin Kwara da rassansa, waɗanda Kogin Kaduna yana cikinsu, masana sun san irin su Mutela da Aspatharia, da kuma Etheria elliptica mai manne wa dutse.

Ruwan da dabbar nan ke zuƙa a kudancin Kaduna yana da tarihi. Tun daga 1957, lokacin da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki, Kakuri ta zama unguwar masana'antu. Galibin masaƙun sun rufe a shekarun 2000, amma magudanan Kakuri da Makera ba su daina kai ruwan masana'antu da na garejin makanikai da na gidaje cikin kogi ba. Da wannan ruwa ake ban ruwan lambuna, a cikinsa kuma ake su. Kifi idan ya ji ruwa ya ɓaci sai ya ƙara gaba. Makankari kuwa yana nan inda yake, abin da ya zo duk sai ya bi ta jikinsa. To, yaya yake jurewa? Wani ɓangare na amsar yana cikin wani furotin da ake kira histon.

Duk wanda ya taɓa shiga masaƙa ya san zare ba ya aiki sai an naɗe shi a kwarkwaro, in ba haka ba ya sarƙe. Haka lamarin yake a jikin masu rai. Jiki an gina shi ne da tantanin halitta, ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, a cibiyar kowane kuma akwai zaren DNA mai ɗauke da ƙwayoyin gado. A jikin mutum, zaren tantani guda zai kai mita 2 in an miƙe shi, alhali cibiyar da yake ciki faɗinta bai kai kashi 1 cikin 100 na milimita ba. Histon shi ne kwarkwaron. Wani Bajamushe, Albrecht Kossel, ya fara gano shi a jinin dinya a 1884, amma sai a 1974 Roger Kornberg ya bayyana yadda naɗin yake. Histon 8 ne ke haɗuwa, biyu-biyu daga iri huɗu da ake kira H2A da H2B da H3 da H4, su zama dunƙule guda. Zaren ya zagaye shi kusan sau biyu, haruffa 147 ke nan, sannan na biyar, wato H1, ya danne bakin zaren kada ya warware. Tantanin mutum guda yana da irin wannan dunƙule wajen miliyan 30.

Aikin bai tsaya ga adana wuri ba. Inda naɗin ya matse, tantani ba ya iya karanta ƙwayoyin gadon da ke wurin. Inda ya saki, sai a karanta. Saboda haka histon yana da hannu wajen yanke wace ƙwayar gado za ta yi magana, wacce za ta yi shiru. Girman wannan aiki ya sa histon ba ya karɓar canji da sauƙi. A 1969 aka kwatanta H4 na maraƙi da na wani irin waken Turawa, sai aka tarar cikin tubala 102 da aka gina shi da su, 2 kaɗai suka bambanta.

Nazarin ƙwayoyin gadon histon a dangin makankari ya yi ƙarfi ne a Sifen, inda kiwon waɗannan dabbobi a bakin teku babbar sana'a ce. Masu bincike na Jami'ar A Coruña da suka yi aiki kan nau'in Mytilus sun ga ƙwayoyin gadon histon a jere suke, rukuni bayan rukuni, ana ta maimaita su kamar baitin amshi. Dalilin maimaicin a fili yake: duk lokacin da tantani zai rabu biyu, yana bukatar miliyoyin sababbin kwarkwaro cikin 'yan sa'o'i, kwafi ɗaya ba zai isa ba. A 2002 kuma suka ba da rahoton wasu ƙwayoyin gadon H1 da suka ware daga rukunin suka zauna can daban, irin waɗanda masana ke yi wa laƙabi da marayu.

Wannan maimaici shi ne ya daɗe yana wahalar da masu karanta kundin gado, wato jerin haruffan DNA na dabba gaba ɗaya. Na'urorin da aka fi amfani da su kan datsa zaren guntu-guntu, haruffa 100 zuwa 'yan ɗaruruwa, su karanta, sannan kwamfuta ta harhaɗa. Idan shafi 50 na littafi iri ɗaya ne, aka yayyaga su, mai haɗawa zai zaci shafi ɗaya ne. Ga kuma wata matsalar: a dangin makankari, gadon uwa da na uba sun sha bamban ƙwarai. Masanan da suka buga kundin gadon kawar Tekun Pasifik a mujallar Nature a 2012 sai da suka yi amfani da dabbar da aka samu ta haɗa 'yan uwa na jini har zuriya 4, don rage bambancin. Sun sami ƙwayoyin gado kimanin 28,000, har da 88 na wani furotin mai kare tantani daga zafi da guba, wanda mutum ke da 17 kacal. Sababbin na'urori irin na PacBio da Oxford Nanopore suna karanta haruffa dubbai a ja ɗaya, su haye rukunonin histon ba tare da ruɗewa ba.

Abin da ya fi shafar Kaduna shi ne histon na musamman, waɗanda suka ɗan bambanta da na yau da kullum. Akwai H2A.X. Idan guba ta tsinka zaren DNA, nan take tantani ke liƙa wa H2A.X na kusa da wurin wata alama, masu gyara su taru a kai. An bayyana haka a 1998, daga baya aka tabbatar Mytilus ma yana da shi. Ke nan yawan alamar a jikin dabba na iya nuna irin ɓarnar da ruwa ya yi mata, tun kafin a ga mushen kifi yana yawo. Gwajin kwalba guda ta ruwa yana faɗin halin ranar da aka ɗiba ne kawai. Naman makankari kuwa yana tara labarin watanni. Shi ya sa Amurka ke auna gurɓatar gaɓar tekunta da waɗannan dabbobi tun 1986.

Histon har makami yakan zama. A 1998 masana a Koriya suka gano cewa idan wata irin tarwaɗa ta ji rauni, yauƙin fatarta yana fitar da wani guntun H2A mai tubala 19 da ke kashe ƙwayoyin cuta. An kuma sami H2B mai irin wannan aiki a jikin kawa.

Sai dai mafi yawan kundayen da aka karanta na dabbobin tekun Sin da Turai da Amurka ne, kuma ma'aunin da aka yi da Mytilus na ruwan gishiri ba lalle ya dace da Aspatharia na laka ba. Ba ƙwarewa Nijeriya ta rasa ba. Cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a Ede ita ce ta fara karanta kundin ƙwayar cutar korona a Afirka, a watan Maris na 2020. A 2021 kuma aka kafa shirin African BioGenome Project da nufin karanta kundin halittun Afirka fiye da 100,000. Ɗan guntun nama da bai wuce ƙwayar dawa ba, in an adana shi cikin sinadarin itanol, ya isa a karanta ƙwayar gadon H3, wadda da ita masana ke tantance dangantakar makankarin ruwan daɗi. Aikin farko shi ne a san nau'in da ke zaune sama da bakin magudanar Makera da wanda ke ƙasa da ita, a ƙirga, a auna tsawon ɓawo, a rubuta wuri da kwanan wata. Wannan kuwa malamin nazarin halittu da ɗalibansa za su iya yi da ruler da littafin rubutu a watan Maris, kafin ruwa ya dawo.