Tsiro da Toho: Yadda Itatuwan Gida Ke Sabunta Kansu a Dogon Daji

Gabatarwa

Garin Dogon Daji yana cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, kudancin Jihar Sakkwato, kuma sunansa kaɗai ya isa shaida ga irin dajin da magabata suka tarar a wurin. A wannan yanki, har zuwa ƙasar Kebbe, ana samun marke da kirya da taramniya da sabara da kalgo, ga kuma ɗorawa da kaɗanya da gawo a gonaki. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda waɗannan itatuwa ke maye gurbin kansu, domin dajin da ke da manyan itatuwa ba ƙanana a ƙarƙashinsu, tamkar gari ne mai tsofaffi ba yara.

Tsiro daga ƙwaya

Hanya ta farko ita ce ta iri, kuma kowane itace da halinsa. Ƙwayar gawo da ta kirya suna da ɓawo mai tauri, watau ruwa ba ya ratsa su da wuri. Idan dabba ta ci 'ya'yan ta kasayar da ƙwayar, sai ɓawon ya yi laushi, ga kuma taki a shirye. Ita kuwa ƙwayar kaɗanya ba ta jure ajiya. In ba ta sami ƙasa mai laima ba cikin 'yan makonni, ta mutu ke nan. Ko ta tsira, sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya.

Wahalar wannan hanya ita ce gajartar damina. Ruwa kan tsaya daga Yuni zuwa Satumba, sa'an nan ɗan tsiro ya fuskanci rani mai tsawo, da gobarar daji, da bakin awaki. Kaɗan ne ke kai wa damina ta biyu.

Toho daga kututture

Hanya ta biyu ita ce toho. Idan aka sare sabara ko kalgo ko taramniya, saiwar na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta yi nisa wajen neman laima. Saboda haka tohon kututture ya fi ɗan tsiro saurin girma da jure fari. Masu iya magana kan ce, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Manoman Maraɗi sun tabbatar da haka. Tun daga 1983, Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona mutumin Ostireliya, ya yi aiki tare da su kan dabarar da suke kira sassaben zamani: maimakon a share toho duka lokacin sharar gona, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. An ƙiyasta cewa ta irin wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar.

Baƙin itatuwa

Dogon yaro, wanda asalinsa daga ƙasar Indiya ne, ya shigo Nijeriya ta Barno a 1928, kuma shi ya cika gandayen shuka na Arewa. Yana da inuwa da itacen girki, amma ba ya ba da kalwar daddawa, ko man kaɗe, ko gawayin kirya na maƙera. Bugu da ƙari, tsuntsaye da jemagu kan baza ƙwayarsa, har ya mamaye inda 'yan gida za su tsiro.

Kammalawa

Shuka sababbin itatuwa abu ne mai kyau, amma a ƙasa irin ta Dogon Daji tsaron abin da ke da rai ya fi sauƙi da arha. Idan aka bar iyayen itatuwa masu zubar da iri, aka share hanyoyin tsai da wuta kafin kaka ta ƙare, aka kuma killace wani sashe daga kiwo na 'yan shekaru bi da bi, toho zai wuce bakin akuya. Wannan aiki ne na malaman daji da manoma da makiyaya da masu sarauta baki ɗaya.